Niƙa ƙarfe da alminiyam da kabon har a samu kabaid ɗin kappa: jagora daga awo zuwa tantancewa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin masu walda ya san kabaid, wannan dutsen mai wari da ake zuba wa ruwa ya fitar da iskar da ake kunnawa a yanka ƙarfe. Wancan haɗin kalsiyam ne da kabon. Namu ɗan'uwansa ne a suna kawai. Haɗin ƙarfe ne da alminiyam da kabon, ana rubuta shi Fe3AlCx, masu binciken ƙarafa kuma suna kiransa kappa, da harafin Girkanci κ. Ba ya tsoron ruwa, yana da tauri, kuma shi ne ke ba wa wasu ƙarafa marasa nauyi ƙarfinsu, irin waɗanda ake haɗawa da manganis da alminiyam don rage wa mota nauyi. Kowane kashi 1 cikin ɗari na alminiyam da aka ƙara wa ƙarfe yana rage masa nauyi da kusan kashi 1.3 cikin ɗari, shi ya sa masana'antu suka damu da abin da alminiyam da kabon ke yi idan sun haɗu a cikinsa.

Siffar kappa ba ta da wuyar ganewa. Ka ɗauki akwati mai kusurwa takwas da fuska shida: zarrar alminiyam a kowace kusurwa, zarrar ƙarfe a tsakiyar kowace fuska, zarrar kabon ɗaya a can cikin ciki. Tsawon gefen akwatin yana tsakanin nanomita 0.372 da 0.378 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), yana ƙaruwa idan kabon ya ƙaru. Harafin x da ke jikin sunan yana nufin ba kowane akwati ne ke samun nasa kabon ba. A aikin da Palm da Inden suka wallafa a 1995 daga cibiyar Max Planck ta binciken ƙarfe da ke Dusseldorf a Jamus, inda suka auna abin da wannan haɗi ke zama idan ya daidaita a zafin digiri 800 da 1000 da 1200 a ma'aunin Salsiyas, kappa bai taɓa cika x ya kai 1 ba. Yawanci rabi ne zuwa kusan kashi uku cikin huɗu na guraben ke da kabon. Ka riƙe wannan, domin duk wahalar aikin nan a kan lissafin kabon take: nawa ka zuba, nawa ya shigo ba da saninka ba, nawa ya gudu, nawa kuma ya shiga gurbinsa.

Me ya sa ba za a narka su kawai ba?

Ana narkawa, amma abin yana da gardama. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, ƙarfe sai 1538, garafait kuwa, wato kabon irin na bakin fensir, ba ya narkewa a matsin iska na yau da kullum. Nauyinsu ma ya sha bamban: ƙarfe giram 7.87 a kowace santimita mai kusurwa huɗu ta ko'ina, alminiyam 2.70, garafait wajen 2.26. Idan narkakken ya huce sai a samu manyan ƙwayoyi, wani sashe ya fi wani alminiyam. Hanyar niƙa ta kauce wa wannan duka, ba a kai ga narkewa ko kaɗan. John Benjamin ne ya fito da ita a ɗakin binciken kamfanin INCO a Amurka a wajen 1966, ya wallafa ta a 1970, kuma shi lokacin nikel yake son haɗawa da ƙwayoyin oksaid don injinan jirgin sama. Abin da ke faruwa a cikin tukunyar niƙa aikin maƙera ne a ƙanƙance: a buga, a shimfiɗa, a ninke, a sake bugawa, har sassan biyu su rasa iyaka. Bambancin kawai shi ne guduma a nan ƙwallayen ƙarfe ne, bugun kuma dubbai ne a kowane minti, babu wuta babu zuga-zugi.

Mataki na farko: zaɓen gari da awo

Ka nemi garin ƙarfe da na alminiyam masu tsarkin kashi 99.5 zuwa sama, masu girman ƙwaya ƙasa da maikuromita 45, wato waɗanda suka ratsa rariya mai lamba 325. Garin garafait shi ma mai tsarki. Kada ka yi kwaɗayin alminiyam mai laushi sosai. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da fatar oksaid, idan ƙwayoyin sun yi ƙanana fatar ta yi yawa, ga kuma haɗarin kama wuta. Idan garin ƙarfen irin na kabonil ne, karanta takardar da ta zo da shi, wasu nau'o'insa suna ɗauke da nasu kabon da oksijin tun daga masana'anta.

Ga lissafin. Nauyin zarrar ƙarfe 55.845, alminiyam 26.982, kabon 12.011. Idan Fe3AlC0.5 kake nema, jimla 200.52 ce, wato ƙarfe kashi 83.55, alminiyam 13.46, kabon 2.99. A zubin giram 20 za ka auna ƙarfe giram 16.71, alminiyam 2.69, garafait 0.60. Idan cikakken Fe3AlC ka ɗauka, rabon zai koma 81.12 da 13.06 da 5.82. Shawarata ga mai farawa ita ce ya fara da rabin kabon. Wanda ya zuba cikakke zai tarar da rarar garafait bayan gashi, ya yi ta zargin injinsa, alhali kappa ne ya ci iya cikinsa ya bar saura. Ma'aunin ya zama mai karanta aƙalla lamba uku bayan ɗigo, domin kuskuren giram 0.03 a garafait kashi 5 cikin ɗari ne na duk kabon ɗinka.

Mataki na biyu: tukunya, ƙwallaye, da maganin mannewa

Injinan da aka fi samu a ɗakunan bincike iri biyu ne. Akwai mai girgiza, kamar SPEX 8000, mai ɗaukar giram 10 ko makamancin haka, mai zafin bugu, yana gama aiki da wuri. Akwai mai juyi irin na duniyoyi, kamar Fritsch Pulverisette ko Retsch PM, inda faifai ke juyawa ta wannan gefe tukunya kuma ta ɗaya gefen. Misalan da ke nan na mai juyin ne, da tukunya mai cin mililita 250.

Tukunya da ƙwallaye su kasance na ƙarfe mai tauri. Dalilin mai sauƙi ne: dole su goge su zuba a garinka, to gara abin da zai zuba ya zama ƙarfe, wanda dama yana cikin haɗin. Tukunyar tungustin kabaid ta fi ƙarfin bugu saboda nauyinta, amma za ta bar maka tungustin da kobalt da ƙarin kabon. Ta ƙarfe marar tsatsa kuma kuromiyam da nikel za ta bari, nikel kuwa yana sauya irin tsarin da ƙarfe ke ɗauka, ya rikita maka karatu daga baya. Ko ƙwallayen boris da aka saba amfani da su suna da kabon kusan kashi 1 da kuromiyam kusan 1.5. Saboda haka ka wanke ƙwallayen, ka busar, ka auna su kafin niƙa, ka rubuta. Bayan niƙa ka sake yin haka. Idan sun rasa giram ɗaya, to ka san an ƙara maka kusan giram ɗaya na ƙarfe a kan 16.71, kuma haɗinka ya tashi daga inda ka ajiye shi.

Nauyin ƙwallaye ya ninka na gari sau 10. Ƙwallo mai faɗin milimita 10 yana da kusan giram 4.1, ke nan ƙwallaye 49 ko 50 ga giram 20 na gari. Wasu suna gauraya manya da ƙanana don kada su riƙa bin layi ɗaya, dabara ce mai kyau. Kada ƙwallaye da gari su wuce rabin tukunya, sai da fili ake samun bugu.

Sai maganar da ta fi ba mutane ciwon kai. Alminiyam mai laushi ne, yana son mannewa a jikin ƙwallaye da bangon tukunya kamar tuwo a gindin tukunya. Don hana wannan ake ɗan zuba wani abu da zai shafe fuskar ƙwayoyin, galibi sinadarin sitiyarik asid kashi 1 zuwa 2, ko heksen, ko metanol. To amma duba abin da ke ciki. Sitiyarik asid, C18H36O2, kashi 76 cikin ɗari na nauyinsa kabon ne, kuma niƙa na tsawon awoyi yana farfasa shi. Kashi 1 a zubinmu giram 0.20 ne, wato kabon giram 0.15. Ka auna 0.60 da kyau, sai ga 0.15 ya shigo ta bayan gida. Idan duka ya shiga, x ɗinka ya tashi daga 0.5 zuwa kusan 0.63, ga haidurojin da oksijin a matsayin gyara. Sa'ar da aka yi a wannan haɗin ita ce garafait shi kansa yana da santsi, yana rage mannewa a awoyin farko. Ni dai ina ganin a fara gwadawa ba tare da an ƙara komai ba. Idan aka buɗe aka ga gari ya manne ya ƙi fita, sai a ƙara kashi 0.5 a zubi na gaba, a kuma cire kabon ɗinsa daga garafait ɗin da za a auna.

Mataki na uku: rufewa a cikin agon

Sabuwar fuskar alminiyam ba ta jira, da ta ga oksijin ta kama. Niƙa kuwa aikinsa ke nan, buɗe sababbin fuskoki ba iyaka. Don haka a zuba gari a rufe tukunya a cikin akwatin safar hannu, wato rufaffen akwatin da ake aiki a cikinsa ta safar hannu ta roba, mai cike da iskar agon, wadda ba ta haɗuwa da ƙarfe ko alminiyam. Inda babu akwatin, tukunya mai bawul za ta yi: a zuƙe iskar ciki, a cika da agon, a maimaita sau uku ko huɗu. Kada a musanya agon da naiturojin don arha, domin yana shiga ƙarfe da alminiyam a lokacin niƙa. A duba robar murfi, in ta tsage a canja. Da damina, sa'ad da iska ke ɗauke da laima, a busar da garafait a tanda a ɗan sama da digiri 100 kafin a shigar da shi akwatin, saboda yana shan danshi ba a gani.

Mataki na huɗu: niƙan kansa

Juyi 300 a minti wuri ne mai kyau na farawa. Kada a bar injin ya yi ta gudu ba hutu. Minti 20 ko 30 na aiki, minti 10 ko 15 na hutu, a kuma sauya alƙiblar juyi in injin yana da wannan. Hutun don zafi ne, tukunya tana iya yin zafin da hannu ba zai taɓa ba, zafi kuwa yana ƙara mannewa. A littafinka ka riƙa rubuta awoyin niƙa zalla, ban da na hutu. Inda wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, wannan rubutu ya zama dole, domin wasu injinan suna manta ƙidayarsu idan wuta ta dawo, kuma sakamakon da ba a san awoyinsa ba babu wanda zai iya maimaita shi.

Abin da ke faruwa a ciki yana tafiya daki-daki. A awoyin farko ƙwayoyin alminiyam da na ƙarfe suna miƙewa su zama ɓawo-ɓawo. Daga nan sai su riƙa haɗewa da juna ba wuta, ƙwayar ta girma, cikinta kuma shimfiɗa-shimfiɗa ne, ƙarfe a kan alminiyam a kan ƙarfe, garafait a matse a tsakaninsu. Bugu yana ci gaba, ƙarfen ya taurare ya daina miƙewa, sai ya fara fashewa. A ƙarshe haɗewa da fashewa su daidaita, girman ƙwaya ya tsaya, shimfiɗun su yi sirantakar da madubin ƙara girma na haske ba ya ganinsu. A nan ne zarrar alminiyam ke samun hanyar shiga cikin tsarin ƙarfe.

Ba za ka san inda aka kwana ba sai ka ɗebi samfuri. Ka tsara lokuta, misali awa 1, 5, 10, 20, 40, 60. Akwai tarko a nan: duk giram ɗin da ka ɗebe yana rage gari, rabon ƙwallaye da gari ya tashi daga 10 zuwa sama, niƙan da ya biyo baya ya fi na baya zafi. Ko dai ka ɗebi ɗan kaɗan, rabin giram ya ishi XRD, na'urar eksire da ke nuna yadda zarra ke jere a cikin garin, ko ka yi zubi dabam ga kowane lokaci in kana da haƙuri da gari. Ɗiban ma a cikin agon za a yi shi.

Maganar wuta ba ta wasa ba ce. Garin da ya sha awa 40 yana iya yin ja ya kama da kansa idan aka buɗe shi a sarari. A bar tukunya ta huce sarai, ko da kwana ne. A buɗe a cikin akwatin agon, sannan a bar iska ta shiga masa kaɗan-kaɗan na tsawon awoyi har fata siririya ta rufe ƙwayoyin. A ajiye busasshen yashi ko abin kashe gobara na ajin D, wanda aka yi don wutar ƙarafa, a kusa. Ruwa ba ya kashe wutar garin alminiyam, haidurojin yake fitarwa ya ƙara mata, kuma abin kashe gobara mai iskar kabon dayoksaid shi ma bai dace ba. Takunkumin hanci da tabarau ba sai an faɗa ba.

Mataki na biyar: karatun XRD na garin da aka niƙa

A nan mutane da yawa ke yaudarar kansu, don haka zan ɗan daɗe. Na'urar tana harba hasken eksire a kan garin, ta zana layi mai tuddai, kowane tudu a kusurwar da tsarin zarra ya mayar da hasken. Yawancin na'urori bututun tagulla gare su, mai tsawon zango nanomita 0.15406. Matsalar ita ce hasken tagulla yana sa ƙarfe ya riƙa fitar da nasa hasken, ƙasan zanen ya ɗaga, ƙananan tuddai su nutse. In da hali a yi da bututun kobalt, mai nanomita 0.1789. In babu, a tambayi mai kula da na'urar ko tana da matatar da ke cire wannan hayaniya, a kuma rage saurin karatu.

Da hasken tagulla, garin da ba a niƙa ba zai nuna garafait a kusurwar digiri 26.5, alminiyam a 38.5, babban tudun ƙarfe a 44.7. Ka lura da wani haɗari na lissafi: gefen akwatin alminiyam nanomita 0.4049 ne, na ƙarfe 0.2866, kuma idan ka raba na farko da saiwar 2 za ka samu 0.2863. Ke nan yawancin tuddan alminiyam suna zaune daram a kan na ƙarfe. Waɗanda suka fita dabam su ne na 38.5 da na 78.2, su za ka sa wa ido. Idan sun ɓace, kuma tudun ƙarfe ya matsa zuwa ƙaramar kusurwa saboda zarrar alminiyam ta fi ta ƙarfe girma ta buɗa akwatin, to alminiyam ya shiga. Ɓacewa kaɗai ba tare da matsawa ba ba hujja ba ce.

Tudun garafait shi ne ke fara ɓacewa, wani lokaci cikin awa ɗaya ko biyu, sai ka ji an ce kabon ya narke a cikin ƙarfe. A'a. Garafait yana rasa tsarinsa da wuri, kabon kuma ba ya mayar da hasken eksire sosai idan aka gwada da ƙarfe. Yana iya zama yana nan kwance a kan iyakokin ƙwayoyi ba tsari. Na'urar Raman, mai haska samfuri da hasken leza, ita ce ke tona wannan: idan har ana ganin tuddai a wajen lamba 1350 da 1580 a nata zanen, to akwai kabon da bai shiga ko'ina ba.

Faɗin tuddai kuma labarin ƙanƙantar kiristal ne da matsin da ke cikinsa. Tsarin lissafin Scherrer, D = 0.9λ/(β cos θ), inda D girman kiristal ne, λ tsawon zangon hasken, β faɗin tudu, θ kuma rabin kusurwar da tudun ya fito, yana ba da ƙiyasi, amma yana ɗora duk faɗin a kan ƙanƙanta, alhali garin da aka niƙa cike yake da matsi. Hanyar Williamson da Hall ta fi dacewa domin tana raba biyun. Kafin komai a auna faɗin da na'urar kanta ke haifarwa da gari na gwaji, silikon ko LaB6, a cire shi. Bayan dogon niƙa za ka ga kiristal na nanomita 10 zuwa 20 ko ƙasa. Sau da yawa abin da ke hannunka a wannan mataki ba kappa ba ne tukuna, ƙarfe ne da ya haɗiye alminiyam da wani ɓangare na kabon ba tsari. Injin ya tara su wuri ɗaya, zafi ne zai zaunar da kowa a gurbinsa.

Mataki na shida: gashi

In akwai na'urar DSC, mai auna zafin da samfuri ke sha ko saki yayin da ake ɗuma shi, a fara da ita: miligiram kaɗan, a ɗuma digiri 10 ko 20 a minti a cikin agon, a ga inda garin ke sakin zafi. Tudu mai kaifi a kusa da digiri 600 zuwa 660 alama ce cewa akwai sauran alminiyam da bai shiga ba, niƙa bai isa ba. Sauran tuddan su za su nuna maka zafin da ya kamata ka gwada.

A danne garin ya zama ƙananan ƙwayoyi kamar na magani, a ɗora a kwanon alumina, wato oksaid ɗin alminiyam, a saka a tanderu mai bututu da agon ke ratsawa. Kada garin ya taɓa gilashin kwaz kai tsaye, alminiyam yana ƙwace oksijin daga silika a zafi mai yawa ya bar maka silikon. A ajiye gutsattsarin taitaniyam a bakin da iskar ke shigowa don ya fara cinye ragowar oksijin. Wannan yana da muhimmanci ta fuska biyu: oksijin yana mayar da alminiyam alumina, yana kuma ɗauke kabon daga saman samfurin a matsayin iska. Wata ƙofar ke nan da kabon ke fita.

A raba samfurin uku ko huɗu, a gasa a digiri 500, 700, 900, kowanne awa ɗaya, sannan a zaɓi wanda ya fi kyau a tsawaita lokacinsa. Idan ana son kwatanta sakamako da taswirar Palm da Inden, wadda ke nuna abin da haɗin ke zama a kowane zafi, a gasa a 800 ko 1000, a kuma huce shi da sauri, domin hucewa a hankali a cikin tanderu tana ba haɗin damar sauyawa a hanya.

Mataki na bakwai: shin kappa ne?

A koma XRD. Idan gefen akwatin nanomita 0.375 ne, da hasken tagulla manyan tuddai za su fito a kusan digiri 41.7 da 48.5 da 71.0. Da kobalt biyun farko suna komawa wajen 48.8 da 57.0. Amma waɗannan ba su isa shaida ba. Ƙarfe mai tsarin ostenait, wanda zarra ke kusurwoyi da tsakiyar fuskoki ba tare da kowa ya san gurbinsa ba, yana ba da tuddai a kusa da nan, akwatinsa ɗan ƙarami ne kawai. Shaidar kappa ita ce ƙananan tuddai biyu, mai laƙabin (100) a wajen 23.7 da mai laƙabin (110) a wajen 33.8 da hasken tagulla. Waɗannan ba sa fitowa sai alminiyam ya koma kusurwa, ƙarfe ya koma fuska. Raunana ne, shi ya sa na dage a kan hayaniyar ƙasan zane: a fara karatu daga digiri 20, a hankali.

Sannan a nemi baƙi. Simentait, wato haɗin ƙarfe da kabon zalla, Fe3C, yana ba da tarin tuddai a cunkushe tsakanin 37 da 50. Garafait zai dawo a 26.5 idan kabon ya yi rara. Ragowar ƙarfe mai alminiyam zai tsaya a kusa da 44. Don sanin kashi nawa kowanne ya ci a yi lissafin Rietveld, inda manhaja ke daidaita zanen da ta lissafa da wanda aka auna. Manhajojin MAUD da GSAS-II da FullProf da Profex duk kyauta ne, ana kuma samun bayanan tsarin kiristal kyauta a rumbun COD. Daga lissafin za ka samu gefen akwatin kappa daidai, wanda shi ne manuni mafi aminci a XRD na yawan kabon da ya shiga. Kada ka yarda da adadin kabon da manhajar ta ba ka ta hanyar cika gurbi kawai, hasken eksire ba ya ganin kabon sosai a gefen ƙarfe.

Haka nan kada ka dogara da EDS, abin gano sinadarai da ke jikin madubin ƙara girma na lantarki, don auna kabon. Yana da kyau wajen rabon ƙarfe da alminiyam, da gano kuromiyam ko tungustin da suka shigo, da ganin ko an gauraya daidai. Amma ana manna gari a kan tef na kabon, ɗakin na'urar ma yana barin kabon a saman samfuri, lambar da za ta fito ba abin rubutawa ba ce. Jimlar kabon ana samunta ne ta ƙona samfurin a oksijin a auna iskar da ta fita, irin aikin na'urorin LECO. A auna sau uku: garin da aka gauraya, wanda aka niƙa, wanda aka gasa. Waɗannan lambobi uku su za su nuna maka abin da maganin mannewa ya ƙara da abin da tanderu ya ɗauke. A auna oksijin ma a jere ɗaya.

Inda ake da na'urar Mossbauer, ita ce ke jin abin da ke kewaye da zarrar ƙarfe kai tsaye. Tsantsar ƙarfe yana ba da layi shida da filin maganaɗisu tesla 33 a zafin ɗaki, Fe3C kuma wajen tesla 21, saboda haka tana kama ɗan ragowar da XRD ta tsallake, musamman a garin da aka niƙa inda tuddai suka baje suka hau juna.

Idan ana son dunƙule

Don auna tauri sai an mayar da garin dunƙule, ta matsi da zafi ko ta na'urar SPS, mai danna gari tana ratsa shi da wutar lantarki. Mazubin waɗannan na'urori garafait ne, ke nan kabon zai sake shigowa ta fata. A goge saman da kyau kafin kowane awo. Nauyin da ake tsammani ga Fe3AlC0.5 mai gefen nanomita 0.375 shi ne kusan giram 6.3 a kowace santimita mai kusurwa huɗu ta ko'ina, da shi za ka gwada abin da awon Arkimidis, wato auna dunƙulen a iska da kuma a cikin ruwa, ya ba ka. Awon tauri na Vickers, inda ake danna tsinin lu'ulu'u a auna gurbin da ya bari, ba shi da ma'ana a dunƙulen da ke cike da ramuka, a fara tabbatar da ya haɗe.

Wanda ya matsa zuwa haɗi mai yawan alminiyam, ko wanda ya gasa garin da bai niƙu ba, yana iya samun Al4C3 a ciki. Wannan shi ne ainihin ɗan'uwan kabaid na masu walda: yana shan laimar iska, ya fitar da iskar methen, ya kumbura, dunƙulen da ka ajiye lafiya ka dawo bayan makonni ka tarar ya tsattsage ya koma gari. A yi awon nauyin irin wannan samfuri a cikin etanol maimakon ruwa, a goge shi ba da ruwa ba, a ajiye shi a kwalba mai rufi da sinadarin shan danshi, a rubuta a jikinta haɗin da awoyin niƙa da zafin gashi da ranar da aka yi.